Photoshop, Affinity, GIMP ko Photopea: Wacce Ta Dace da Mai Gyaran Hoto a Kano?

Duk wanda yake cin abinci da gyaran hoto a Kano, ko mai situdiyo ne a titin Gidan Zoo, ko mai tsara fosta da katin gayyata da ke kai aiki maɗaba'un Sabon Gari, ko matashin da ya sayo kwamfutar hannu a Beirut Road yana son ya tsaya da ƙafarsa, akwai ranar da zai tambayi kansa ko manhajar da yake aiki da ita ta cancanci wahalar da take ba shi. A da tambayar ba ta da wani amfani, domin Photoshop ce kowa ya koya a wurin ubangidansa, ita ce kuma zai koya wa yaransa. Abubuwa uku ne suka sauya lissafin. A 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya daina fitar da sababbin sigogin manhajar na saye na dindindin ya mayar da ita ta haya, har ya zama sigar CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe da mutum zai biya sau ɗaya ya mallaka. A 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai, hayar da ake biya da dala ta yi nauyi. Sannan a 2025 abokan hamayyarta biyu suka yunƙuro: GIMP ta fito da siga ta 3.0 a watan Maris, Affinity kuma ta koma kyauta a ƙarshen Oktoba.

Ma'aunan da ya kamata a duba

Na farko shi ne kuɗi, kuma abin dubawa a nan shi ne ko biya ɗaya za a yi ko biyan da ba ya ƙarewa, da kuma irin kuɗin da za a biya da shi. Mai gyaran hoto a Kano da naira ake biyansa, sau da yawa bayan dogon ciniki da alƙawarin cikon gobe, alhali kamfanonin nan da dala suke lissafi. Kafin a saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Hanyar biyan ma kanta aiki ce, domin a 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙasashen waje, sai a tsakiyar 2025 wasu daga cikinsu suka dawo da shi, shi ma da iyaka.

Na biyu shi ne ƙarfin kwamfuta da halin wuta. Yawancin kwamfutocin hannu da masu fara sana'ar suke iya saye ba su wuce RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kai) gigabait 8 ba, wasu ma 4 ne. Ga zafin bazara da ke sa kwamfuta ta rage gudu don kada ta ƙone, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Ɗaukewar wuta kuwa tana sa dole a tambayi ko manhaja tana adana aiki da kanta, domin wanda ke aiki da kwamfutar tebur, ko laftof ɗin da batirinta ya mutu, yana iya rasa aikin awa biyu cikin ƙiftawar ido.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne mutanen da ake musayar fayil da su. Wanda yake karɓar hoto ya gyara ya miƙa shi a matsayin JPEG yana da 'yancin zaɓar duk manhajar da ya ga dama. Wanda wani kamfanin talla yake aiko masa da fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, mai leya-leya yana jiran ya mayar masa da irinsa, ko wanda mai maɗaba'a yake cewa sai ya kawo fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW, hannunsa a ɗaure yake tun kafin ya zaɓa.

Na huɗu ya shafi launi da rubutu. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, a tsarin RGB, injin bugawa kuwa da tawada huɗu yake aiki, a tsarin CMYK, shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a kwamfuta yake fitowa kamar shunayya a takarda, koren ya dushe. Batun rubutu kuwa namu ne na musamman: akwai haruffan ƙ, ɗ da ɓ, akwai kuma Larabci da ajami, waɗanda ba a raba su da aikin takardar shaidar saukar Alƙur'ani, kalandar Islamiyya ko fostar wa'azi.

Na ƙarshe shi ne ɗorewa da haɗari, wato ko fayil ɗin da aka adana yau zai buɗu nan da shekara biyar, da kuma abin da zai faru ranar da aka kasa biya.

Photoshop

Tun fitowarta a 1990 daga hannun 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, Photoshop ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma gaskiya har yanzu babu wadda ta kai ta wajen cire mutum daga bayan hoto, musamman inda gashi, mayafi mai shara-shara ko leshin amarya suke. Tana aiki a CMYK kai tsaye, tana da Ctrl+Y don hango yadda launi zai fito a takarda, kuma tana rubuta Larabci daidai muddin an kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya a cikin saitunanta. Wanda bai kunna ba a tsoffin sigogi shi ne yake ganin haruffa sun rarrabe sun juya baya. Darussan koyonta sun fi na kowace yawa, kuma yaron da ya iya ta zai samu aiki a kusan kowace situdiyo.

Farashin ne wurin kuka. A shafin kamfanin na Amurka a 2025, Photoshop ita kaɗai dala 22.99 ce a wata, tsarin masu ɗaukar hoto da ya haɗa ta da Lightroom, manhajar tsara hotuna da yawa da daidaita haskensu, da ma'ajiyar terabait 1 kuma dala 19.99. Tsohon tsarin dala 9.99 da mutane suka saba da shi an rufe shi ga sababbin masu shiga a watan Janairun 2025. Dala 19.99 sau goma sha biyu ta kusa dala 240, idan kuwa aka ɗauki dala a naira 1,500, kusan naira 360,000 ke nan a shekara, kuɗin da zai iya sayen wata laftof ta hannu. Akwai kuma tarkon da ya kama mutane da yawa: abin da ake gani kamar biyan wata-wata yawanci yarjejeniyar shekara ce da aka rarraba, kuma wanda ya fasa bayan kwana 14 na farko za a caje shi rabin abin da ya rage. A kan wannan ne gwamnatin Amurka, ta hannun FTC, hukumar kare masu saye, ta kai Adobe ƙara a watan Yunin 2024, tana zarginsa da ɓoye wannan sharaɗi. Mai aikin da ke zuwa lokaci-lokaci, kamar na kakar siyasa ko na bukukuwan bayan Sallah, ya karanta sharaɗin da kyau kafin ya sa lambar katinsa. Ranar da biya ya tsaya kuwa, manhajar ta daina buɗewa, ko da yake fayilolin suna nan a kwamfuta.

Ƙorafin da ya fi yawo a tsakanin masu aiki da ita shi ne saƙon da ke cewa scratch disks sun cika. Photoshop tana aron wuri a faifan ajiya ta yi aiki a kai idan RAM ya gaza, saboda haka laftof mai faifan ajiya na SSD na gigabait 128 da aka cika da hotunan biki ba za ta daɗe ba ta fara wannan kuka. Maganin gaggawa shi ne a riƙe Ctrl da Alt lokacin buɗe manhajar domin a zaɓi wani faifan, a share tarkacen fayilolin wucin gadi da ta bari bayan ɗaukewar wuta, a kuma rage adadin matakan komawa baya daga 50 da take zuwa da su. Amma sau da yawa laifin na mai aiki ne. A ce bana ce mai ƙafa 10 a ƙafa 6, aka buɗe ta a fiksel 300 a kowane inci kamar katin biki: fiksel 36,000 ne a 21,600, wato ya haura gigabait 2 tun ba a ɗora komai ba, ya kuma wuce iyakar fiksel 30,000 da PSD ke ɗauka, sai dai a adana a PSB, tsarin Photoshop na manyan fayiloli. Banar da za a kalla daga tsallaken titi ba ta buƙatar haka; a 100 za ta koma fiksel 12,000 a 7,200, kuma ido ba zai ga bambanci ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na sauye-sauyen da ba wanda ya nema ne. A sigar 2019 an juya yadda maɓallin Shift ke aiki wajen faɗaɗa hoto, hannayen da suka shekara goma suna yi ta hanya ɗaya suka rikice. A 2021 an raba Save As da Save a Copy, mutane suka rasa inda JPEG ta shiga. Duka biyun akwai wurin mayar da tsohon tsari a cikin Preferences. Idan fuskar aiki tana ƙyaftawa ko manhajar tana rufewa da kanta a tsohuwar laftof, kashe Use Graphics Processor yakan kawo sauƙi, ko da yake wasu kayan aikin za su daina motsi. Game da wuta, tana adana aikin ceto duk minti 10, kuma ya kamata kowa a Kano ya mayar da shi 5. Game da data, ba ta buƙatar intanet kullum, domin mai yarjejeniyar shekara yana iya aiki har kwana 99 ba tare da haɗawa ba, amma Generative Fill, kayan aikin ƙirƙirarriyar basira da ke cike ko ƙara abu a hoto, da ta zo a 2023 ba ta aiki sai da intanet, kuma da ƙididdigaggen kaso ake amfani da ita.

Kwafin sata

Ba za a yi maganar gaskiya a kan wannan batu ba tare da an ambaci abin da kowa ya sani ba, wato Photoshop ɗin da ake zuba wa mutum a filashi ko a sa masa ranar da ya sayi kwamfuta. Farashinta kusan babu, shi ya sa ta yaɗu. Sai dai wanda ya fasa makullin manhaja ya raba ta kyauta yana iya cusa duk abin da ya so a ciki, kuma sanannen abu ne cewa ta irin wannan hanya ake yaɗa ƙwayoyin da ke satar kalmomin sirri da aka adana a burawuza. Sharaɗin farko na girka ta ma shi ne a kashe antibairos, a kwamfutar da ake shiga banki da ita, ake kuma ajiye hotunan amare da iyalan mutane waɗanda amana ce a hannun mai situdiyo. Ƙari a kan haka, ba ta karɓar sabuntawa, saboda haka wanda ya sayi sabuwar kyamara zai tarar tsohuwar sigar ba ta gane fayil ɗin RAW ɗinta ba, wato ɗanyen hoton da kyamara ke ɗauka, sai ya bi ta manhajar sauya fayil ta DNG Converter, wadda Adobe ke bayarwa kyauta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haɗa da manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. A da akwai uzurin cewa babu wata mafita. Yanzu wannan uzuri ya yi rauni sosai.

Affinity

Kamfanin Serif na garin Nottingham a Ingila ne ya fito da Affinity Photo a 2015, ta zo Windows a 2016, kuma abin da ya ja mutane gare ta shi ne biya ɗaya, kusan dala 70 a siga ta 2. Canva, mai shafin tsara zane a intanet, ta sayi kamfanin a watan Maris na 2024, sannan ranar 30 ga Oktoban 2025 ta haɗe manhajojin uku, ta hoto da ta zane da ta tsara shafuka, ta mayar da su ɗaya kyauta ga Windows da Mac. Abin da ake buƙata shi ne asusun Canva, wanda shi ma kyauta ne. Kayan aikin ƙirƙirarriyar basira ne kawai aka keɓe wa masu biyan kuɗi.

Ga mai aikin fosta da katin biki wannan haɗin babban abu ne, domin a wuri guda zai gyara hoto, ya zana tambari, ya tsara shafukan ɗan littafin walima, ya fitar da PDF a CMYK da alamomin yanka. Ba ta cika nauyi a kwamfuta ba, tana adana aikin ceto da kanta, kuma wanda ya iya Photoshop ba zai yi baƙunta sosai ba, tunda yawancin gajerun maɓallan iri ɗaya ne. Tana da kayan raba laushin fata da launinta a dannawa ɗaya, abin da masu gyaran fuskar amare suke haɗawa da hannu a Photoshop. Idan tana yawan rufewa a Windows, abin da masu amfani da ita suka daɗe suna yi shi ne kashe hanzarin OpenCL a saituna.

Rauninta uku ne. Tana buɗe PSD da kyau, amma idan za ta fitar da shi sai rubutu ya koma hoto wanda ba a iya gyarawa, abin da zai ɓata wa abokin aiki rai idan ya zo canja kwanan wata. Ba ta da rumbun tsara hotuna irin na Lightroom, saboda haka ba ita ce ta mai hotunan biki ɗari biyar da ke son daidaita haskensu gaba ɗaya ba. Na ukun shi ne wanda ya fi shafar mu: rashin rubutu daga dama zuwa hagu tsohon ƙorafi ne da ya bi ta daga siga ta 1 har ta 2, inda Larabci ke fitowa a wargaje. Dabarar da ake yi ita ce a rubuta Larabcin a wata manhajar zane kamar Inkscape, a mayar da shi zane, a shigo da shi a matsayin SVG ko PDF. Dabarar tana aiki, amma duk gyaran wasali ɗaya sai an koma an sake. Wanda rabin aikinsa na makarantun Islamiyya ne ya fara gwada rubuta layi ɗaya na Larabci a sigar da ya sauke kafin ya kwashe kayansa ya koma can, kuma ko da wace manhaja aka yi, aikin da ke ɗauke da aya a kai wa malami ya duba kafin a buga.

Akwai kuma abin da ya kamata a sa a rai. Kyautar da kamfanin kasuwanci ya bayar yana da ikon sauya sharuɗɗanta, kuma fayil ɗin sabuwar Affinity ba ya buɗuwa a tsofaffin sigogi. Hikima ita ce duk muhimmin aiki a ajiye masa kwafi a TIFF ko PDF.

GIMP

Ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, ne suka fara ta a 1995, kuma masu sa kai ne ke riƙe da ita har yau. Kyautarta ta bambanta da ta Affinity, domin lasisinta a buɗe yake, ba ta neman asusu, ba ta neman intanet, kuma babu kamfanin da zai wayi gari ya rufe ta. Tana tafiya a Windows da Mac da Linux, wanda ya zama abin lura tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, don haka masu su na iya komawa Linux. Siga ta 3.0 ta kawo abin da aka daɗe ana jira, wato a ɗora tasiri a kan leya a kuma iya komawa a sauya shi ba tare da an lalata asalin hoton ba, da kuma zaɓar leya da yawa a lokaci guda. Larabci yana fitowa daidai a cikinta ba tare da wani saiti ba.

Wahalarta ta sabo ce da ta bugawa. Wanda ya taso a Photoshop zai ji komai ba ya inda ya bar shi, har adanawa ma: Save na fayil ɗinta ne na XCF kaɗai, JPEG sai ta Export. Akwai wani ƙari mai suna PhotoGIMP da ke mayar da tsarin fuskarta da maɓallanta kusa da na Photoshop, kuma yana rage wannan baƙunta. A RGB take aiki, ko da yake yanzu tana iya hango launin bugawa ta kuma fitar da JPEG ko TIFF a CMYK, wanda ya wadatar ga ƙananan ayyuka amma bai kai sarrafa tawada huɗun kai tsaye ba. PSD mai sarƙaƙiya yakan buɗu a cikinta da naƙasa, rubutu ya daskare, wasu gyare-gyaren launi su ɓace. Ba ta buɗe RAW sai an haɗa ta da manhajojin sarrafa RAW, darktable ko RawTherapee, waɗanda su ma kyauta ne. Abin da ya fi ban tsoro a garin da wuta ba ta da tabbas shi ne ba ta adana aiki da kanta, don haka Ctrl+S sai ya zama ɗabi'a.

Photopea

Wannan a cikin burawuza take aiki, ba a girka ta, kuma mutum ɗaya ne, Ivan Kutskir, ya gina ta tun daga 2013. Kamanninta da Photoshop ya kai a ce an kwafa, kuma a cikin na kyauta babu wadda ta kai ta riƙe PSD da leyoyinsa da rubutunsa, shiga da fita. Hoton ba ya barin kwamfutar mai aiki, data kaɗan take ci wajen buɗe shafin. Talla ce ke cinye gefen fuskar, sai an biya kusan dala 5 a wata a cire ta. Babban fayil yana shaƙe burawuza, kuma rufe shafin bisa kuskure yana tafiya da aikin da ba a adana ba. Ban ga hikimar gina situdiyo a kanta ba, amma a matsayin mai ceto ranar da aka aiko da PSD ana son gyaran suna cikin minti goma, ko ranar da mutum yake kan kwamfutar aro, ba ta da na biyu.

CorelDRAW da batun haruffa

CorelDRAW ba manhajar gyaran hoto ba ce a asali, ta tsara zane da rubutu ce, amma tana da gindin zama a maɗaba'un Najeriya har ba a iya tsallake ta. Har yanzu ana sayar da ita saye na dindindin, a kan sama da dala 500, tare da PHOTO-PAINT, manhajarta ta gyaran hoto. Matsalar da aka saba gani ita ce tsohuwar siga ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa, don haka a tambayi mai maɗaba'a sigarsa a adana daidai da ita, a kuma mayar da rubutu zane da Ctrl+Q don kada salon haruffa ya sauya a kwamfutarsa. Mafi sauƙi ma a tambaye shi ko yana karɓar PDF, domin idan ya amince, an kuɓuta daga wannan ɗauri gaba ɗaya.

Haruffan ƙ, ɗ da ɓ kuwa ba laifin kowace manhaja ba ne. Salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da su, shi ya sa ake ganin akwati a gurbinsu ko harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa. Noto Sans, Charis SIL, Gentium da Andika duk suna da su kuma kyauta ne, Windows ma tana da allon rubutun Hausa a cikin saitunan harshe.

| Manhaja | Farashi | Nauyi a kwamfuta | PSD | CMYK | Larabci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Photoshop | Dala 19.99 zuwa 22.99 a wata (2025) | Mai nauyi | Cikakke | Cikakke | Yana yi | Tashin dala, tarar fasa yarjejeniya |
| Affinity | Kyauta, da asusun Canva | Matsakaici | Buɗewa da kyau, fitarwa da naƙasa | Cikakke | Sai da dabara | Sauyin sharuɗɗan kamfani |
| GIMP | Kyauta | Mara nauyi | Da naƙasa | Wajen fitarwa kawai | Yana yi | Ba ta adana aiki da kanta |
| Photopea | Kyauta da talla | Ya danganta da burawuza | Mai kyau | Ba a dogara da ita | A gwada | Shaƙewa a babban fayil |
| Kwafin sata | Kusan babu | Kamar ta asali | Cikakke | Cikakke | Ya danganta da siga | Satar bayanai, saɓa doka |

Wa ya dace da wacce

Mai situdiyon da ke ɗaukar manyan bukukuwa, kamu da walima da dina, yana dawowa da ɗaruruwan hotunan RAW, shi ne wanda biyan Adobe ya fi yi wa ma'ana, kuma Lightroom ce ma za ta fi yi masa aiki fiye da Photoshop ɗin kanta. Ya raba kuɗin shekara a kan yawan bukukuwan da yake samu ya sa a cikin farashinsa. Idan lissafin bai fita ba, darktable za ta yi masa aikin daidaita haske da yawa a lokaci guda, Affinity ta ƙarasa gyaran fuska, da sharaɗin zai ba koyon darktable lokaci domin ba ta da sauƙin shiga.

Wanda yake aiki da kamfanonin talla na Legas ko Abuja, ko abokan ciniki na ƙasashen waje da ke aiko da PSD suna jiran PSD, ya biya Photoshop kawai, musamman idan da dala ake biyansa.

Mai tsara fosta, bana, katin gayyata da kalanda, wanda abin da yake miƙawa PDF ne ko JPEG, Affinity ce na fi ba shi shawara a yau, ya ajiye Photopea a gefe don ranar da PSD ya faɗo. Idan aikin Larabci ya yi yawa a hannunsa, ya riƙe Inkscape ko GIMP kusa domin rubutun, ko kuma ya zauna a CorelDRAW idan ya riga ya mallake ta.

Mai shagon hoton fasfo da gyaran tsoffin hotuna, da ɗalibin da kwamfutarsa ke da RAM gigabait 4, GIMP ta ishe su, kuma kuɗin da za su kashe a haya gara su ƙara RAM su sa SSD, su kai a busa musu ƙurar fanka kafin zafi ya shigo. Matashin da burinsa a ɗauke shi aiki a situdiyon wani kuwa ya koyi hannu a Photopea, domin maɓallanta da tsarinta su ne zai tarar a Photoshop ɗin da ke kan teburin ubangidansa.